Daidaita Rabon Bayanai Tsakanin Fayafayan Ajiya a Uwar Garken Gida

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda uwar garken gida ke rarraba bayanai tsakanin fayafayan ajiyar da ke cikinta, da dalilin da kan sa wani faifai ya cika maƙil alhali ɗan'uwansa na nan wayam. Ta nuna cewa daidaita rabon wajibi ne a wani tsarin, a wani kuwa aikin ganin dama ne mai ɗauke da haɗari, sannan ta fayyace abin da ya raba su.

1.0 Gabatarwa

Kayan aikin manazarcin Hausa na yau sun yi nauyi. Hirar awa ɗaya da aka naɗa a tsarin WAV mai ingancin da ake so a taskance, wato kilohaz 48 da bit 24 a layi biyu, takan ci gigabayit ɗaya da 'yan kai. Shafi guda mai girman A4 na rubutun ajami, idan aka ɗauki hotonsa mai launi a tsarin TIFF da ɗigo 600 a kowane inci, yakan kai kimanin megabayit 100, ke nan kundi mai shafi 300 ya tasam ma gigabayit 30. Wanda ya haɗa da finafinai da waƙoƙin baka da aka kwaso daga kaset, nan da nan faifai ɗaya zai yi masa kaɗan.

Daga nan ne ake komawa ga uwar garken gida: kwamfuta guda da aka jera wa fayafayan ajiya da yawa, ta haɗa su ta nuna wa mai ita kamar rumbu ɗaya. Da wuya a sayi fayafayan rana ɗaya. Akan fara da biyu, bayan shekara a ƙaro na uku wanda ya fi su girma, sai mutum ya duba ya tarar tsofaffin sun kusa cika, sabon bai ɗauki komai ba. Mai wannan hali yakan ji lallai a gyara, domin ido ya saba da mangala, wadda idan ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya kayan kan zame daga bayan jaki. Sai dai ba kowace uwar garke ce mangala ba.

2.0 Hanyoyi Biyu na Haɗa Fayafayai

Hanya ta farko ita ce a tsittsinka kowane fayil a shimfiɗa gutsattsarinsa a kan dukkan fayafayan. Wannan na cikin dabarun da aka sani da sunan RAID, sunan da ya fito daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka gabatar a 1988. A nan fayafayan kan cika tare, karatu ya yi sauri saboda duk suna aiki lokaci guda. Illar ita ce babu faifan da ke riƙe da cikakken fayil, don haka idan fayafayan da suka mutu suka zarce adadin da tsarin ke iya jurewa, komai ya tafi.

A hanya ta biyu kowane fayil na zaune cikakke a kan faifai ɗaya, manhaja ce kawai ke haɗa jakunkunan ta nuna su wuri guda. Haka Unraid ke yi, haka ma mergerfs a kan Linux. Ana iya cire faifai ɗaya a karanta shi a wata kwamfuta, kuma ko asara ta faru, takan tsaya ga abin da ke kan faifan da ya mutu.

Akan ƙara kariya da abin da masu fannin ke kira fariti, wanda a nan za a kira lissafin ceto. A kowane gurbi na fayafayan akwai ko dai 0 ko 1. Idan fayafayai uku na ɗauke da 1 da 0 da 1 a gurbi guda, adadin ɗaya-ɗayan ya rabu biyu daidai, sai faifan lissafi ya rubuta 0. Da bai rabu ba, da ya rubuta 1. Ran da faifai ɗaya ya mutu, sai a duba sauran da abin da lissafin ya ce, a gano abin da ya ɓace gurbi bayan gurbi. Wannan ne ya sa a Unraid dole faifan lissafi ya kai girman mafi girman fayafayan bayanai.

3.0 Inda Sabon Fayil Ke Sauka

Rashin daidaito a hanya ta biyu ba lalacewa ba ce, sakamakon ƙa'idar da aka zaɓa ne. Unraid na da ƙa'idoji uku. Ta ɗaya tana cika faifai kafin ta taɓa na gaba. Ta biyu tana kai kowane sabon fayil ga faifan da ya fi sarari a lokacin, abin da kan warwatsa kayan aiki ɗaya a wurare da dama. Ta uku, wadda aka yi wa suna da alamar tashin ruwa, ta fi buƙatar misali.

A ɗauka akwai fayafayan bayanai uku masu terabayit 8 da 6 da 3. Manhajar kan sa alama a rabin mafi girma, wato terabayit 4. Za ta yi ta rubutu a na farko har sararinsa ya sauko zuwa 4, sannan ta koma na biyu ta zuba terabayit 2 shi ma ya rage 4. Na uku ba za a taɓa shi ba, domin dukkan sararinsa bai kai alamar ba. Sai an raba alamar biyu ta zama terabayit 2, an sake zagayowa ta kan na farko da na biyu, kafin a rubuta masa ko da bayit ɗaya. Ke nan mai wannan uwar garke zai tara terabayit 10 yana kallon faifai na uku fanko, alhali komai na tafiya yadda aka tsara. Hikimar ita ce rubutu ya daɗe a wuri ɗaya, sauran fayafayan su samu kwantawa, wuta da zafi su ragu.

Akwai ƙa'idar da ta fi waɗannan jawo ruɗani, wato wadda ke hana a raba jaka. Idan an umarci manhaja ta riƙe duk abin da ke cikin jaka ɗaya a faifai guda, za ta ci gaba da tura sababbin fayil can ko da wurin ya ƙare, ta kuma ba da saƙon cewa babu sarari alhali rumbun gaba ɗaya bai kai rabi ba. Wasu ƙa'idojin mergerfs masu fifita faifan da jakar ta riga ta zauna a kansa su ma kan haifar da haka. Maganin a nan gyara ƙa'idar ne, tare da ƙayyade mafi ƙarancin sararin da za a bari, wanda ya kamata ya zarce mafi girman fayil da ake sa ran rubutawa.

4.0 Inda Daidaitawa Ta Zama Dole

Lamarin ya sha bamban a Btrfs idan an saita shi ya ajiye kwafi biyu na kowane abu a fayafayai daban-daban. A ce fayafayai biyu masu terabayit 4 kowanne sun cika, aka ƙaro mai terabayit 8. Kowane sabon rubutu na buƙatar fayafayai biyu masu sarari, amma guda ne kaɗai ke da shi, don haka sabon faifan ba zai amfanar da komai ba. Sai an ba da umarnin daidaitawa, tsarin ya sake rubuta tsofaffin bayanai ta yadda kwafi ɗaya zai koma kan babban faifan, ɗayan ya zauna a ɗaya daga cikin ƙananan. Bayan haka ne wurin ajiya zai tashi daga terabayit 4 zuwa 8.

ZFS kuwa, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, ba ya motsa tsohon abu idan an ƙara masa sabon rukunin fayafayai. Yakan dai karkata sabon rubutu zuwa inda sarari ya fi yawa, gibin ya riƙa raguwa a hankali. Abin da ake rasawa sauri ne, ba aminci ba. Ko da OpenZFS 2.3 ya zo a Janairun 2025 da damar ƙara faifai ɗaya cikin rukunin RAIDZ, tsofaffin bayanai na riƙe da tsohon kasonsu na lissafin ceto har sai an sake rubuta su. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a kwafi fayil a goge na asali, amma idan akwai hotunan tsarin da aka adana don komawa baya, tsohon kwafin ba ya sakin wurinsa, sai aikin ya ci ninkin sarari.

5.0 Farashin Motsa Bayanai

Faifai mai juyawa da ke rubuta megabayit 150 a daƙiƙa zai ɗauki sama da awa 7 kafin ya kwashe terabayit 4, idan babu abin da ya tare shi. Inda akwai faifan lissafi lokacin kan ninka, domin kowane rubutu ɗaya na jawo aiki huɗu: a karanta tsohon abu, a karanta tsohon lissafi, sannan a rubuta sababbinsu. Fayafayan nau'in SMR, waɗanda layukan rubutunsu ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, sukan yi sanyi ƙwarai idan rubutu ya yi tsawo.

Waɗannan awoyi su ne lokacin da tsohon faifai ya fi shan wahala. A Kano ko Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da alƙawari, aikin kwana biyu ba tare da batirin tsare wuta ba kasada ce. Wanda ya tayar da terabayit 6 don kawai ma'aunan fayafayansa su yi kai ɗaya a allo, yana iya ƙarewa da gyaran gangar Auzinawa. Idan motsin ya zama dole, tsarin da ya fi aminci shi ne a kwafa da manhaja irin rsync, a gwada kwafin da na asali ta hanyar lambar tantancewa, sannan a goge, kuma a bi jaka-jaka maimakon a ɗauki faifai sukutum.

Ga mai taskar bincike akwai ma dalilin ƙin watsa kaya. Idan hirarrakin aikin fili ɗaya da rubutunsu da hotunansu na kan faifai guda, mutuwar faifan na nufin an san ainihin abin da za a maido daga kwafin ajiya. Idan kuwa an warwatsa su a fayafayai biyar, asarar ɗaya za ta cire kashi daga kowane aiki, a wayi gari da hira ta 3 da ta 7 babu ta 4, kuma gano abin da ya ɓace kaɗai aiki ne na makonni. Lissafin ceto ba ya maido fayil da aka goge bisa kuskure, ba ya kuma tsare wa uwar garke tsawa ko ɓarawo. Wannan aikin kwafi na dabam ne, wanda aka ajiye a wani gida ko a ofis, kuma shi ya kamata a sabunta kafin a fara motsa fayil na farko.