Yini guda a Maiduguri: bin gaɓar Ngadda daga fadar Shehu zuwa Alau

Ma'aikacin tarayya da aiki ya kai shi Turai yakan dawo Abuja da hotunan biranen ruwa, irin su Benis ta ƙasar Italiya, wadda ke zaune a kan tsibirai 118 da gadoji sama da 400. Amma idan aka tura shi Maiduguri, sau da yawa daga filin jirgi sai masauki, daga masauki sai zauren taro, daga nan sai jirgin komawa. Ga kuwa birni mai tarihi wanda shi ma ruwa ya tsara zamansa. Duk wanda ya samu rarar yini guda, babu jagoran da ya fi masa kogin Ngadda.

Ngadda kogi ne na damina. Yana fitowa daga fadamun Sambisa, ya ratsa Maiduguri, ya malala cikin kwarin Jere, inda manoma ke shuka shinkafa da kayan lambu. Da rani ruwansa kan janye har a ga rairayi, da damina kuma ya cika ya batse. A kusa da shi ne Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907, bayan Kukawa ta kasa komawa yadda take tun da Rabeh ya rushe ta a 1893. A shekarar ce kuma Turawan Ingila suka kafa sansaninsu a wurin. Garin ya bunƙasa har layin dogo ya iso shi a 1964, ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976.

Baƙon da ya sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Umarari zai iya fara yininsa da sassafe daga Tashar Baga, kasuwar kifin da ke kan Titin Baga. Nan ake sauke bandar kifi daga yankin Tafkin Chadi, a ɗaure a kwalaye, a loda a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar. Hayaniyar wurin da ƙamshin banda sukan tuna wa mutum cewa garin da ake wa kallon bakin hamada ya daɗe yana cin arziƙin ruwa. Tafkin da a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 ya ragu ƙwarai, rikicin Boko Haram kuma ya sha katse hanyar, amma kasuwar ba ta mutu ba.

Daga nan sai a hau Keke Napep, domin an hana zirga-zirgar babura a birnin tun 2011, a nufi Dandal, faffaɗan titin da ya miƙe zuwa ƙofar fadar Shehun Borno. Fadar ginin jan bulo ce, kusa da ita kuma ga babban masallacin gari. A nan ake hawan Sallah. Shehu na yanzu, Abubakar ibn Umar Garbai El-Kanemi, ya hau gadon sarauta a 2009, kuma zuriyarsa ta samo asali daga Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi wanda ya kafa Kukawa a 1814. Fada wuri ne na girmamawa. Kyautatuwa ce baƙo ya gaida dogarai, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Zango na uku shi ne Kasuwar Monday, wadda aka sake ginawa bayan gobarar watan Fabrairun 2023. Tsarabar Borno sananniya ce: hular zanna, turaren wuta, humra da lafaya. Mai saye ya tafi da haƙurin ciniki, domin hula mai aikin hannu ba a yi mata gaggawa. Ba da nisa ba akwai gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka raɗa wa sunan Shehun da ya yi mulki daga 1937 zuwa 1967.

Abin da ya haɗa fada da kasuwa da gidan namun daji shi ne daren 10 ga Satumba, 2024. A daren ne madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwan Ngadda ya shiga gari mutane na barci. Ya mamaye fadar Shehu, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da unguwanni irin su Gwange da Gamboru. Hukumomi sun ce mutane sama da 400,000 ne suka bar gidajensu. Masu kula da gidan namun daji sun sanar da cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun halaka, an kuma gargaɗi jama'a game da kadoji da macizai da ruwa ya kwasa. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere. A kwanakin, kwale-kwale da motocin soja ne suka maye gurbin keke a titunan birnin. Dattawan gari sun tuna da ambaliyar 1994, wadda ita ma daga Alau ta taso.

Don haka ya dace mai yawon ya ɗan tsaya a kan gadar Titin Legas ko ta Gwange, ya dubi yadda gidaje suka matso bakin kogin, ya kwatanta faɗin kwarin da yawan ruwan da aka tare a sama. Kallon minti goma a nan ya fi shafuka da yawa na rahoto bayani.

Idan lokaci da yanayin tsaro sun ba da dama, ƙarshen yinin shi ne Alau, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da birnin, a Ƙaramar Hukumar Konduga. An gina madatsar tsakanin 1984 da 1986 don samar wa Maiduguri ruwan sha da ban-ruwa ga manoma. Ba a fita wajen gari da ka. Sai da shawarar masu masauki da sanin jami'an tsaro, a kuma dawo kafin magariba. Madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda ta tarayya ce, kuma hedikwatarta na Maiduguri. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta da faɗaɗa ta.

A nan ne yawon buɗe ido ke haɗuwa da aikin ofis. Benis ta sha mummunar ambaliya a watan Nuwamban 2019, kafin a fara ɗaga shingayen da ke tare mata ruwan teku a watan Oktoban 2020, bayan shekaru masu yawa na jinkiri da badaƙalar kuɗi. Maiduguri ta sha tata sau biyu cikin shekara 30. Kuɗin gyaran Alau, da binciken lafiyar madatsu, da saƙon gargaɗi kafin ruwa ya iso, duk ta kan teburan Abuja suke bi. Akantan da ke riƙe da takardar biyan ɗan kwangila, da mataimakin da ke tsara wa minista jerin abin da zai fara dubawa, suna da hannu a ko mutanen Gwange za su yi barci da ido biyu a damina mai zuwa.

Mutanen Borno suna kiran jiharsu gidan zaman lafiya, kuma baƙo ba ya rasa shayi da shimfiɗa a wurinsu. Wanda ya koma Umarari da yamma da ƙullin turaren wuta a hannu, ya ji labarin daren ambaliya daga bakin waɗanda suka gan shi, zai koma Abuja ya tarar da fayil ɗin Alau a inda ya bar shi. Bambancin kawai shi ne yanzu ya san unguwannin da ke ƙasan madatsar da sunayensu.