Idan Hunhuna ta Ɓata Kayanka, Wa Ke Ƙimanta Asara?

Yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ruwan da ke raya gonakin Karakara shi ne kuma ke kawo laima cikin mangaza, har hunhuna ta kama gyaɗa da masara. Wata hunhunar tana haifar da dafin afalatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da shi.

Idan kai ko ƙungiyarku kun sa kaya cikin inshora, galibi ba a biyan diyya sai gwanin ƙimanta asara ya duba. Aikinsa uku ne: ya gano sanadin ɓarna, ya auna yawanta, ya rubuta rahoto.

Me ya sa sanadi ke da muhimmanci?

Nijar da Benin suna bin dokar inshora ta CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta fara aiki a 1995. A dokar nan, kamfani ba ya ɗaukar asarar da ta fito daga aibin kayan kansu, sai in yarjejeniyarku ta ce haka. Idan iska ta yaye rufi ruwa ya shiga, kuma takardarka ta ƙunshi irin wannan haɗari, kana da haƙƙi. Idan kuwa ka zuba masara da ɗanyenta, kan ka asarar za ta faɗa. Masara tana buƙatar bushewa har laimarta ta sauko wajen kashi 13 cikin 100. Ilimi ne ke raba waɗannan biyu, shi ya sa ba kowa ake bai wa aikin ba.

Wa ke da izini?

A Nijar, ma'aikatar kuɗi ce ke sa ido kan harkar inshora, kuma makarantar IIA ta Yawunde tana horar da ma'aikatan ƙasashen CIMA. Idan inshorarka ta kamfanin Najeriya ce, kamar wasu masu fatauci ta Kamba, dole mai ƙimantawa ya kasance da rajistar hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka sanar da kamfani a rubuce da gaggawa. Dokar CIMA ta hana a ba ka wa'adin da ya gaza kwana 5 na aiki, amma kada ka jira ya cika.
2. Ka ware buhunan da suka ɓaci, ka ɗauki hotonsu. Kada ka zubar kafin a duba, kada ka ci, kada ka bai wa dabbobi.
3. Ka nemi ganin takardar shaidar gwanin, ka rubuta sunansa.
4. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka nemi malamin yaƙi da jahilci ya fassara maka.
5. Idan rahoton bai gamsar da kai ba, kana iya ɗaukar naka gwani. In sun saɓa, akan kira na uku.

Ka riƙa rubuta ranar shigar kowane buhu da nauyinsa. Littafin nan shi ne mai shaidarka ranar da aka zo ƙimantawa.