Turaren Haɗin Gida: A Shafa A Jira Kafin A Saro

Ranar Laraba, a kasuwar Mokolo, wata Hajiya mai sayar da kayan ƙamshi ta ba ni 'yan kwalabe uku na turaren mai, irin wanda mata ke haɗawa a gida, ta ce in gwada. Ni kuwa ban san komai ba sai turaren fesawa na kanti.

Kwalba ta farko baƙar humra ce, haɗin Maiduguri, mai sandal da farce da kanumfari. Ina buɗewa ta doki hancina, har na ce a raina wannan ba za ta sayu ba. Ashe na yi gaggawa. Bayan awa 2 a hannuna sai ta lafa ta yi sanyi, har magariba tana nan. Ta biyu farar humra ce, ƙamshinta a kwance tun farko. Ta uku ta fi su daɗi a bakin kwalba, amma kafin in isa tashar motocin Marwa ƙamshin ya gudu.

Abin lura shi ne, turaren mai ba ya bayyana halinsa nan take. Zafin jiki ne ke fito da shi sannu a hankali.

Don haka ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Mubi ko Garwa, kada ka zuba sefa ko naira kan sunsunar murfi. Ka nemi a ɗiga maka a wuyan hannu, ka zagaya kasuwa, sannan ka dawo ku yi ciniki. In ka saro, ka killace kwalaben a inuwa, domin ranar Maris da Afrilu tana kashe ƙamshi. Ba a cinikin biri a sama.