Katako ma yana jin hunturu

Teburin farko da na haɗa da hannuna cikin dare ya tsage, a watan Janairu. Muna kwance muka ji ƙara kamar an karya rake. Uwargida ta ce ɓarawo ne, na ce ɓarawo ba ya sallama da ƙarfi haka. Da gari ya waye sai ga tsaga ta ratsa saman teburin daga wannan baki har kusan wancan, faɗinta ya isa a zura tsinken tsintsiya. A watan Agusta na sayo katakon, washegari na yanka, kafin mako ya zagayo na manne, na danna ƙusoshi ta ko'ina, na shafe shi da banish yana ta ƙyalli. Na zargi gam, na zargi mai katako. Sai da wani tsohon kafinta na unguwarmu ya zo ya bi tsagar da ɗan yatsa, ya ce, "Malam, ai ɗanye ka ɗaure. Katakon da bai gama shan iskar gari ba, ko da sarƙa ka ɗaure shi sai ya motsa."

Yanzu mutane da dama suna mai da gareji, ko shagon ƙofar gida, ko rumfar bayan ɗaki wurin aikin katako. Akwai ma'aikatan da suka yi ritaya, akwai samarin da aka yaye daga koyon sana'a amma kuɗin hayar shago a bakin titi ya fi ƙarfinsu. Kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa: wane inji zan saya? A ganina wannan tambayar ta uku ce. Kafin ita akwai inda katako zai kwanta, da kuma ta inda ƙura za ta fita.

Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani ma nauyin ruwan cikinsa ya kai na itacen kansa. Bayan an sare shi, ruwan da ke kwance a ƙananan ramukansa ne ke fara fita, kuma wannan ba ya rage girman katako ko kaɗan. Sai danshin ya sauko wajen kashi 30 cikin 100 sannan ruwan da ke cikin jijiyoyin itacen ya fara barinsu, daga nan katako ke soma tsukewa. Ba ya kuma tsayawa sai ya daidaita da iskar da ke kewaye da shi. Idan danshin iska ya kai kashi 80, kamar yadda ake samu a Kano tsakiyar damina, katako kan tsaya a wajen kashi 16. Idan hunturu ya buso, danshin iska ya faɗi zuwa kashi 20, katakon kan sauko ƙasa da kashi 5. Ka tuna kuma yawancin abin da tireloli ke saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa, su obece da afara da iroko, daga dazuzzukan kudu ya fito, irin na Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. Baƙo ne, bai san hunturu ba.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne katako ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Tsawonsa kusan ba ya canzawa. A faɗi yake motsi, kuma motsin da yake yi ta bin zoben shekarun itacen ya kusa ninka wanda yake yi ta ratsa su. Shi ya sa falankin da ka sayo a miƙe yake wayar gari ya ƙudundune kamar ƙoƙo. Saman tebur mai faɗin santimita 60 yana iya rasa kusan santimita ɗaya tsakanin Agusta da Fabrairu. Kowa ya san ƙofar da ke cijewa da damina sai an sa kafaɗa, da rani kuma ka hango tsakar gida ta gefenta. Ita ce maganar. Nawa teburin ya so ya tsuke, ƙusoshi suka riƙe shi ta baki biyu, sai ya raba kansa ta tsakiya. Gwanaye kan faɗaɗa ramin sukuru ta gefe don saman tebur ya samu wurin numfashi. Filawud kuwa ba ruwansa da wannan, domin an gicciya jijiyoyin shimfiɗunsa, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta.

Saboda haka wuri mafi daraja a shagon gida shi ne ma'ajiyar katako. A inuwa za ta kasance, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta duka. A ɗora bulo ya ɗaga katakon kamar ƙafa ɗaya daga ƙasa, kada kuma ya jingina da bango, musamman na ƙasa, saboda gara. Tsakanin falanki da falanki a shimfiɗa busassun sanduna masu kaurin santimita 2, tazarar kamar kamu ɗaya, kowane sanda ya hau saitin na ƙarƙashinsa, a danne saman da bulo. A shafa ragowar fenti a bakunan katakon, domin ta nan ruwa ke gudu, ya fi ta jiki saurin fita fiye da sau goma, kuma ta nan tsaga ke farawa. In ba ka da na'urar auna danshi, yanki guntu daga tsakiyar falanki ka riƙa ɗora shi a sikelin kicin duk bayan kwana uku, kana rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da nauyi ya daina sauka, katakon ya zama ɗan gari. Ka riƙa leƙa ƙarƙashin jerin kuma. In ka ga gari kamar fulawa ya zubo, ƙwaro ya shiga, kuma obece yake fara kamawa. Zuciyar iroko ba ta cika ba shi fuska ba.

Sai lissafin ɗaki. Ɗakunanmu na gida yawanci ƙafa 12 ne kowane gefe. Falanki ma ƙafa 12 ne. Filawud ƙafa 8 ne tsawo, 4 faɗi. Wanda ya sayi zarton tebur ya girke shi a tsakiyar irin wannan ɗaki zai gane, bayan ya biya kuɗi, cewa tsaga filawud ɗaya ta tsawo na buƙatar ƙafa 8 a bayan zarton da 8 a gabansa. Mafita biyu ce. Ko dai a saita zarton da ƙofa yadda katako zai riƙa fita waje yayin yanka, ko kuma, wanda ni na fi so, a bar manyan yanka ga masu inji a kasuwar katako. Ka je da awonka a rubuce, su tsaga maka, su goge, ka ɗauko a adaidaita sahu. Kuɗin da za ka ba su a shekara da wuya ya kai kuɗin injin, ga ƙurarsu da ƙararsu duk sun tsaya can.

Abin da ba a wakilta shi ne benci. Ya zama mai nauyi, wanda ba ya rawa in ana fere katako a kansa, samansa a shimfiɗe sarai, tsayinsa daidai wuyan hannunka in ka tsaya ka saki hannu, wajen santimita 85 zuwa 90 ga yawancin mutane. A ajiye shi kusa da taga yadda haske zai zo ta gefe, domin hasken gefe ne ke tona tudu da kwarin da ke fuskar katako. A bangon da ke bayansa a kafa allo a rataye zarto, guduma, sukwaya, tef, magagari da cizal, a zana siffar kowanne da fenti a inda yake rataye. Wannan 'yar dabara ta fi kowace kwaba amfani. Da magariba kallo ɗaya za ka yi ka san abin da maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba. Ƙusoshi da sukurori kuma gwangwanin madara da robar man shafawa sun wadatar, in dai an rubuta girman a jiki. Dutsen wasa kada ya yi nisa da benci. Dakusasshen cizal ya fi mai kaifi yanka mutum, don sai an sa ƙarfi, in ya zame kuwa hannun hagu ne a gabansa. Da damina a riƙa shafa wa ƙarafan ɗan mai saboda tsatsa.

Wuta ma tana da nata lissafin. Zarton lantarki na hannu yana cin wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a daƙiƙar da aka kunna shi yakan fizgi ninkin haka. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, sai dai ya yi gurnani ya mutu. A ja wa shagon layinsa daga akwatin fis da waya mai kauri, a daina sarƙa soket cikin soket a kan dusar katako. Janareta kuma wurinsa waje, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari: ɗaura faifan zarto a jikin giranda. Ƙaramar giranda tana juyi kusan sau 11,000 a minti, zarton katako kuwa wajen 5,000 yake yi, kuma yana da murfi da tafin da ke zama a kan katako. In haƙoran faifan suka ciji kulli, girandar kanka take yowa.

Ƙura ce abin da aka fi rainawa. Ka shiga kowane layin kafintoci, a Kano ko Panteka ta Kaduna, za ka ga yara sun yi fari fat har gashin ido, in an matsa a ɗaura tsumma a hanci. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko da ta obece an san su da tayar da asma, ta mansoniya kuma tana sa haɓo da jiri. Allon MDF da ya cika kasuwa yanzu garin katako ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldihaid, ƙurarsa laushi gare ta kamar hoda. Wadda ido ke gani a ƙasa ba ita ce matsalar ba. Mai shiga huhu tana yawo a iska tsawon lokaci bayan an kashe inji, kuma tsumma ba ya tare ta. A nemi takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 wanda ke kama fuska. A sa fanka a taga tana hura waje, a buɗe ƙofar da ke fuskantarta, a tabbatar tagar ba tsakar gida take kallo ba, inda ake girki, ake shanya, yara ke wasa. Kafin shara a yayyafa ruwa. Dusar da ta fito daga filen masu kiwon kaji za su saya, amma kada a gauraya musu da ta MDF ko ta katakon da aka shafa wa maganin gara.

Kunne ma haka. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8. Zarton lantarki yana kai 100, wanda rabonsa a yini minti 15 ne kacal in babu abin toshe kunne. Maƙwabta kuwa ba su da abin toshewa, don haka a kashe inji lokacin salla da lokacin da mutane ke ɗan kishingiɗa bayan azahar, a tara aikin ƙara a yi shi da hantsi.

Tina da banish da gam mai wari a kulle su a akwatin ƙarfe, can nesa da benci. Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ta ƙarƙashin ƙofa har ya iske murhu. Tsumman da aka shafa man linsid da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwana, yana iya yin zafi ya kama da wuta shi kaɗai, sai a baza shi a waje ya bushe ko a tsoma a ruwa. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara su zauna a bakin ƙofa, inda hannu zai kai gare su ba sai an ratsa wutar ba. Ƙofar kuma a sa mata kwaɗo, makulli a aljihunka, domin a gida ake, kuma babu abin da ke jan yaro kamar inda aka ce kada ya shiga.

Teburin nan yana nan a shagona, a kansa nake ajiye gwangwanayen ƙusa, tsagar takan haɗe da damina ta sake buɗewa da rani. Mai niyyar haɗa gado ko ƙofa bana, ya sayi katakonsa da zarar ruwa ya ɗauke, ya jera shi a inuwa da sanduna a tsakani, ya bar hunturu ya ratsa shi, sannan ya ɗauki zarto.