Hankaka a Bargar Dawakin Umdurman

Hankaka ba ya sauka kai tsaye a kan abin da ya zo nema. Sai ya fara tsayawa a kan katanga ko reshen darbejiya, ya karkata kai ya duba da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan. Yana lura da wanda ke riƙe da tsintsiya da wanda ke riƙe da gwafa, ya san lokacin da ake zuba wa dawaki dawa, ya san lokacin da yaron barga ke tafiya shan shayi. Yaro na ba da baya, sai ka ji sun kira juna, biyu sun zama goma, sun cika bakin komi.

Tsuntsu ne mai kyau in aka kalle shi da idon adalci. Baƙinsa yana sheƙi a rana, ƙirjinsa da kewayen wuyansa fari fat, tsawonsa ya kai kusan rabin mita, nauyinsa wajen rabin kilo. Mazauninsa ya faro daga Senegal ya ratsa ƙasar Hausa da Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Nilu, ya gangara kudu har Afirka ta Kudu da Madagaska. Ke nan Bahaushen da ya taka da ƙafa zuwa Makka ta Sudan, ko wanda ya bi hijirar mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903 har aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, bai rabu da hankaka ba a duk zangon da ya yada. Ya bar shi a mahautar Kano, ya iske shi a mahautar Umdurman, da riga iri ɗaya da hali iri ɗaya.

Dawakin da yake damu a Hartum da Umdurman kuwa gida biyu ne. Akwai na sukuwa da ƙawa, waɗanda attajirai suka saba kiwo a gonakin bakin kogi da kewayen filin sukuwar Hartum, wasan da ya kafu tun zamanin Turawan Ingila. A nan ne aka samar da irin da ake kira Tawlid, ta hanyar barbarar goɗiyoyin ƙasa da ingarmun sukuwa na Turai. Akwai kuma dawakin talaka, galibi ƙanana masu juriya daga Darfur da Kordofan, waɗanda ke jan karo, wato amalanken da ke ɗaukar ruwa da bulo da buhuna a unguwannin yammacin Umdurman da kewayen Kasuwar Libiya. Sudan ba baƙuwar doki ba ce. Dokin Dongola daga arewacinta ya samo suna, kuma masana dabbobi na ganin jininsa a dawakin Barno da na ƙasar Hausa. A Karari, arewa da Umdurman, mahayan Halifa Abdullahi suka fuskanci bindigogin Baturen Ingila Kitchener ranar 2 ga Satumba 1898.

Ƙarar da masu barga ke kaiwa a kan hankaka ba ƙage ba ce. Yana cin hatsin doki, ya watsa wanda bai ci ba. Yana huda buhu. Yana da ɗabi'ar jiƙa abincinsa kafin ya haɗiye, don haka sai ya ɗauko busasshiyar gurasa ko tsokar mushe daga juji ya tsoma a ruwan shan dawaki, ya ci rabi ya bar rabi yana ruɓewa a ciki. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, ruwan da aka jefa wa nama da safe ya lalace kafin azahar, doki kuwa dabba ne mai tsantsami, yakan shinshina ruwa ya ɗaga kai ya ƙi sha, alhali jikinsa na bukata. Lokacin sheƙa hankaka kan tsinke gashin wutsiya da na geza don shimfiɗa. Kaza da 'yan tsakinta da ke yawo a barga ba su da kwanciyar hankali.

Duk waɗannan da sauƙi. Babban laifinsa shi ne miki. Idan sirdi ko kayan karo suka goge bayan doki har fata ta saɓule, hankaka yakan sauka a gadon bayan ya dinga saran wurin. Dokin da ke ɗaure a turke ba shi da yadda zai yi, wutsiyarsa ba ta kai can, haƙoransa ba sa kai can, sai dai ya yi ta karkaɗa fata yana tattaka ƙasa. Ƙaramar gurjewa ta zama gyambo, ƙuda ya biyo baya ya yi tsutsa. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai yi mamakin mai doki da ya rantse sai ya ga bayan hankakin unguwarsu ba.

Larabawan da suka rayu da raƙuma sun san wannan tun da daɗewa. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, hankaka na cikin halittu biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, kuma wata ruwayar Muslim ta keɓance hankaka mai rodi-rodin fari. Masu sharhi sun faɗi dalili, cewa yana saran bayan raƙumi, yana kai wa idonsa hari. Masu ƙissoshin annabawa kuma sun ce Annabi Nuhu ya aike shi ya dubo ko ruwa ya janye, ya tarar da mushe ya manta da aike. Mu ma ba mu raga masa ba, muka ce gaba fari baya baƙi, muka mai da shi misalin munafuki.

Amma a Suratul Ma'ida, hankaka ne Allah ya aiko ya tona ƙasa don ɗan Adamu da ya kashe ɗan'uwansa ya koyi yadda ake binne gawa. Jana'izar farko a duniya daga wannan tsuntsu aka koye ta. Ni dai wannan ya ishe ni hujjar cewa halaccin kashe mai cutarwa bai zama umarnin ƙarar da iri ba.

Akwai ma zargin da muka ɗora masa wanda shi ne aka zalunta a ciki. Tun muna yara ake gaya mana cewa hankaka ba ya ƙwai, ɗan wani tsuntsu yake sacewa ya yi ta reno har ya rikiɗe ya zama hankaka, shi ya sa ake masa kirari da mai da ɗan wani naka. Gaskiyar ita ce yana ƙwai. Macen kan saka uku zuwa shida, masu launin kore-kore da ɗigon ƙasa-ƙasa, ta kwanta a kansu kwana 18 zuwa 19, 'ya'yan su yi kusan wata ɗaya da rabi kafin su tashi. Sheƙar ce ba a cika gani ba, domin a ƙololuwar dogon itace ko turken lantarki yake yin ta, da ƙirare da guntayen waya. To daga ina maganar ta fito? Akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da tukku, bayansa da ɗigo-ɗigon fari, masana na kiransa Clamator glandarius. Shi ba ya gina sheƙa. Macensa kan faki idon hankaka ta ajiye ƙwanta a cikin nasa, kuma a Afirka hankaka na cikin manyan waɗanda take yi wa haka. Ɗan baƙon yakan riga 'yan gida ƙyanƙyashewa, ya fi su naci wajen roƙon abinci, hankaka ya yi ta ɗawainiya da shi. Ina kyautata zaton kakanninmu sun gani da idonsu hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Ganin nasu daidai ne, fassarar ce ta juye, aka kira wanda aka yi wa cushe ɓarawo.

In aka dawo barga, abin da ya kamata mai doki ya fara tambaya shi ne me ya kira tsuntsun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hankaka ba ya fasa lafiyayyar fatar doki, mikin da ɗan Adam ya yi da sirdi marar shimfiɗa ko kaya fiye da ƙima shi yake bi. Ba ya buɗe randa mai murfi. Tarin kashin doki da aka bari a tsakar barga yana jawo shi saboda tsabar dawar da ba ta narke ba da tsutsar ƙuda, kuma a wannan gefen aiki yake yi wa mai gida, kamar yadda yake tsince kaska a jikin dabbobi yana kwashe matattun ɓeraye. Ba a yabonsa a kan haka. Belbela da aka yi wa shaidar ci da motsin wani tana yawo tsakanin ƙafafun dawaki ba mai jifanta, saboda ita fara ce.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne guba, kuma shi ne mafi muni. A barbaɗa maganin ɓera ko na feshin gona a kan hanji a ajiye bayan katanga. Hankaka biyu ko uku za su ci, sauran su gane su ƙaurace wa wurin. Waɗanda za su cinye ragowar su ne shirwa, wadda ta cika sararin Hartum, da karen gadi, da ungulu, wadda tun 2015 aka sa irinta na cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Sa'an nan tsuntsun da ya ci guba ruwa yake nema. Idan ya faɗa tankin barga ko ya mutu a cikin tarin ciyawa ba a gani ba, mushensa na iya haifar da dafin da likitocin dabbobi ke kira botulizim, wanda ke shanye jijiyoyi, doki kuwa na cikin dabbobin da ba sa jure ko kaɗan daga cikinsa. Mutum ya fita farautar tsuntsu ya dawo ya tarar da ingarmansa a kwance ya kasa haɗiya.

Harbi da gwafa da mutum-mutumi suna aiki na 'yan kwanaki. Dalilin gazawarsu ƙwaƙwalwar tsuntsun ce. A Jami'ar Washington da ke Seattle ta Amurka, John Marzluff da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a 2006. Suka sa wata fuskar roba suka kama hankakin can, suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya ratsa harabar da wannan fuskar sai hankaki su taru a kansa da kururuwa, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin kamun. Na can dangin namu ne, ba iri ɗaya ba, amma duk ɗan barga zai gaya maka cewa hankaka ya san mai jifansa, ya san kuma tsohuwar da ba ta jifa. Mutum-mutumin da bai motsa ba kwana uku, rana ta huɗu a kafaɗarsa zai sauka. Faifai masu walƙiya da ake ratayewa suna tsorata shi ne kawai in ana sauya musu wuri.

Wasu kan kafa hujja da abin da ake yi a gaɓar teku. A Fot Sudan akwai wani hankaka dabam, mai toka-tokar wuya, ɗan asalin Indiya, wanda ya mamaye Adan da Zanzibar da Mombasa da tashoshin Bahar Maliya. Wannan baƙo ne da ya fi ƙarfin tsuntsayen gida, har Kenya ta sanar a 2024 cewa za ta kashe miliyan ɗaya da wata guba ta musamman, ƙarƙashin kulawar hukuma. Hankakan Umdurman ɗan ƙasa ne, ya riga garin kansa zama a wurin, kuma yawansa yana bin yawan juji da mahauta ne.

Abin da ke aiki ba shi da armashin ba da labari. A zuba hatsi a ganga mai murfi. A ba doki abinci a cikin rumfa ko a jakar da ake rataya masa a baki, kamar yadda masu karo da yawa ke yi, a tsaya har ya gama, a share abin da ya zube. Ciyawar barsim da karan dawar abu sab'in ba su dame hankaka ba, tsaba yake so. A wanke komin ruwa kullum, a rufe tanki. A kwashe taki zuwa nesa da turke, manoman tsibirin Tuti da na Shambat suna bukatarsa. Goɗiya in ta haihu a binne mahaifa nan take, a tsare duƙushi a inuwa har cibiyarsa ta bushe. Wurin da aka rufe da raga ya huta da hankaka da tattabaru gaba ɗaya. Miki kuwa a wanke shi da ruwan gishiri, a shafa magani, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a hutar da dabbar. Tsofaffin masu doki sukan ce wa yaro, "Kai ɗan nan, in ka ga hankaka ya nace wa doki ɗaya a cikin goma, bar jifa, je ka ɗaga masa shimfiɗa ka duba."

Hutar da dabbar nan ita ce mai wuya, kuma ba na son in faɗe ta kamar abu ne mai sauƙi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, man fetur ya yi wuya, famfuna suka ƙafe a unguwanni da yawa, nauyin ɗebo ruwa da jigilar mutane ya koma wuyan jakuna da dawakin karo. Sun yi aiki fiye da da, da abinci ƙasa da da, ga likitocin dabbobi sun watse tare da sauran jama'a. Sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris 2025, mutane na dawowa, amma mai karon da ke ciyar da gida da abin da dokinsa ya samo a yini ba zai iya ɗaure shi mako biyu don miki ya warke ba. Abin da zai iya shi ne ya naɗa tsumma mai kauri ya yi gammo mai rami a tsakiya yadda kaya ba za su taɓa ciwon ba, ya rage lodi, ya ɗaure dokin a ƙarƙashin rufi da rana maimakon fili, ya yafa masa buhu a baya in ya kwance shi. Masu tallafa wa mutanen da ke komawa Umdurman su sa maganin miki da shimfiɗar karo a cikin lissafinsu, domin gidaje da yawa a bayan dokin nan ruwan shansu yake zuwa.