Yadda tulin duwatsu 7,000 ya sa mutanen wani birnin Jamus dasa bishiyoyi

A shekarar 1982 mazauna birnin Kassel na ƙasar Jamus suka wayi gari da tulin baƙaƙen duwatsu guda 7,000 jibge a babban dandalin garin. Wanda ya sa aka jibge su shi ne Joseph Beuys, mai zane da sassaƙa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta ƙasar. Wannan ita ce gudummawarsa ga baje kolin fasaha na Documenta, wanda ake yi a birnin duk bayan shekara biyar.

Sharaɗinsa ɗaya ne: ba za a ɗauke dutse ko guda ba sai an dasa bishiya a wani wuri cikin birnin, a kafa dutsen a gefenta. Kuɗin kowace bishiya mak 500 ne, kuma daga gudummawar jama'a za a tara su.

Mutanen gari ba su yi maraba da abin ba. Kassel ta sha ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka sake gina ta kuma aka fifita hanyoyin mota. Wasu suka ce tulin ya munana musu dandali, wasu kuma suka yi ƙorafin bishiyoyin za su cinye wurin ajiye motoci.

A nan dabarar take. Hoton daji da ya ƙone kan taɓa zuciya na ɗan lokaci, mai kallo ya yi tsaki ya wuce. Beuys kuwa ya ajiye wa mutane abin da ya tsone musu ido, wanda ba shi da magani sai dashe. Hatta wanda ya tsani aikin, bukatarsa ta koma a dasa bishiya. Kullum aka ratsa dandalin, girman tulin ne ke shaida yawan aikin da ya rage, abin da jawabin bikin dashen itatuwa, wanda kan ƙare da ɗaukar hoto, ba ya iya yi.

Aikin ya ci shekara biyar. Beuys ya rasu a watan Janairun 1986 bai ga ƙarshensa ba. Ɗansa ne ya dasa bishiya ta ƙarshe a 1987, kusa da ta farko. Yau bishiyoyin na jere a titunan Kassel, kowace da dutsenta, kuma akwai gidauniyar da ke kula da su.