Sauya Sunayen Fayiloli da Taƙaita Rajistar Zirga-zirgar NFS

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikata ya san cewa takardar da aka yi wa laƙabi ba daidai ba, da ita da wadda ta ɓace duk ɗaya ne. Haka al'amarin yake a cikin kwamfuta. Bambancin kawai shi ne, akawu yakan yi kuskure a kan fayil ɗaya, ita kuwa na'ura tana iya maimaita kuskuren sau dubu biyar kafin a ƙifta ido.

Kayan aikin da ake wannan sana'a da su tsofaffi ne. A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka. A 1973 aka shigar da dabarar bututu, wato a ɗauki abin da wani umarni ya fitar a zuba shi kai tsaye cikin umarni na gaba. A 1977 Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙago awk, mai tsinto ginshiƙai daga cikin layukan rubutu. A 1984 kuma kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS, tsarin da ke ba kwamfutoci da yawa damar aiki da fayilolin da ke ajiye a kan babbar na'ura ɗaya, tamkar a cikinsu suke.

A Unix, umarnin mv shi ke sauya sunan fayil, amma ba ya sauya sunaye da yawa a lokaci guda. Saboda haka sai a rubuta ɗan jerin umarni wanda zai bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirƙiro sabon suna daga tsohon, sa'an nan ya kira mv. A nan akwai ramuka biyu. Na farko, in sunaye biyu suka koma suna ɗaya, mv zai shafe fayil na farko da na biyu ba tare da ya ce uffan ba, sai fa in an haɗa masa alamar -i ko -n. Na biyu ya shafi mai rubutu da Hausa musamman. Sunan fayil kamar 'yan makaranta yana ɗauke da tazara da kuma waƙafin sama, alhali mai fassara umarni yana ɗaukar tazara a matsayin ƙarshen suna, waƙafin sama kuwa a matsayin farkon zancen da aka killace. In ba a kewaye sunan da alamar zance a cikin jerin umarnin ba, na'ura za ta farfasa shi.

Rigakafin waɗannan ya fi maganinsu sauƙi. Ma'aikaci mai hankali yakan sa kalmar echo a gaban mv a zagayen farko, ta yadda na'ura za ta nuna abin da take shirin yi ba tare da ta aikata ba. Yakan kuma ajiye jadawalin tsohon suna da sabo a gefe, domin in abu ya ɓaci a iya komawa baya.

To, in fayilolin a kan NFS suke, kowane motsi yakan zama saƙo da ke bi ta waya zuwa babbar na'ura, galibi ta ƙofa mai lamba 2049. Saƙonnin suna da sunaye: LOOKUP na neman fayil, GETATTR na tambayar girmansa da ranarsa, READ da WRITE na karantawa da rubutawa, sai RENAME na sauya suna. Umarnin nfsstat yana ba da jimillarsu. Shi kuwa tcpdump, wanda aka rubuta a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 1988, yana kama su ɗaya ɗaya ya zuba a rajista.

Irin wannan rajista takan kai dubban ɗaruruwan layuka, ba kuwa mai iya karanta ta da ido. A nan bututu ke yin rana. Sai awk ya tsinto ginshiƙin da ke nuna nau'in saƙo, sort ya jera su, uniq -c ya ƙidaya kowane nau'i, wani sort ɗin ya ɗora mafi yawa a sama. Abin da ya cika kundi sai ya dawo layi goma. In aka tsinto ginshiƙin adireshi maimakon na nau'i, sai a ga wace kwamfuta ce ta fi damun babbar na'ura.

Wannan taƙaitawa ita ce shaidar aikin farko. Sauya suna na gaskiya ba ya taɓa abin da ke cikin fayil, don haka LOOKUP da GETATTR da RENAME ya kamata su rinjaya. In aka ga READ da WRITE sun yi yawa, alama ce ta cewa sabon sunan ya faɗa cikin wata ma'ajiya daban, inda mv ke kwafe fayil ɗin ɗungurungum kafin ya share na asali. Haka nan in adadin RENAME ya gaza adadin fayilolin, akwai waɗanda aka tsallake. Bugu da ƙari, kwamfutocin Linux sukan riƙe bayanan jaka har tsawon daƙiƙa 60, saboda haka abokin aiki da bai ga sabon suna nan take ba, sai ya ɗan dakata kafin ya yi zargin ɓata.

Ɗalibi da ma'aikaci duka sai su riƙe tsari ɗaya: a gwada kafin a aikata, a ajiye jadawalin sunaye, a ƙarshe kuma a ƙidaya saƙonnin da ke rajista a gwama su da adadin fayilolin da aka sa hannu a kansu.